Babi na Uku: Kotu da Masu Taɓin Hankali a Gidan Yarin Haɗejiya, 1906 zuwa 2023

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin ƙasar Haɗejiya da tsarin sarautarta. A wannan babi kuwa za a dubi tarihin dangantakar kotu da gidan yari dangane da mutanen da ke fama da taɓin hankali. Tambayar da babin ya ginu a kanta ita ce: idan alƙali ya tura mai taɓin hankali gidan yari, wane ne ke da alhakin tabbatar da cewa akwai mai yi masa magani a can, kuma shin kotun da ta tura shi tana da ikon bin sawu? Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, tun daga zamanin En'e, doka ta ba kotu ikon shigar da irin waɗannan mutane gidan yari, daga baya kuma ta ba ta ikon fitar da su, amma ba ta ɗora mata aikin binciken yawan likitoci da ma'aikatan jinya da ke kula da su ba. Za a bi wannan tarihi daki-daki, sa'annan a kwatanta shi da abin da wasu kotuna suka yi a wasu ƙasashe.

3.1 Matsayin Mahaukaci Kafin Zuwan Turawa

Tun daga lokacin da Sarki Sambo ya zauna a birnin Haɗejiya, masarautar ta kasance ƙarƙashin daular Sakkwato, alƙalanta kuma suna hukunci ne bisa mazhabar Malikiyya, suna dogaro da littattafai irin su Risala da Muhtasar. A wannan tsari mahaukaci ba mukallafi ba ne, wato shari'a ba ta hau kansa ba. Ba a yi masa haddi, ba a yi masa ƙisasi. Idan ya yi kisa, ana ɗaukar abin a matsayin kuskure, diyya kuma ta faɗa kan danginsa. Haka nan alƙali yana da ikon hana shi sarrafa dukiyarsa, ya naɗa masa waliyyi.

Abin lura a nan shi ne, shari'a ta ɗora nauyin mahaukaci ne a kan dangi. Su ne ke tsare shi, su ciyar da shi, su nema masa magani wurin malamai ta hanyar rubutu da addu'a, ko wurin masu maganin gargajiya da 'yan bori. Idan haukan ya yi tsanani har ana tsoron ɓarna, akan sa shi a turu ko a mari. Gidan yari kuwa, wanda ke hannun Yari kamar yadda yake a sauran masarautu, wuri ne na tsare masu jiran hukunci da waɗanda suka saɓa wa sarauta. Ba wanda ya ɗauke shi a matsayin wurin jinya, saboda haka maganar masu jinya a cikinsa ba ta ma taso ba.

3.2 Zamanin En'e, 1906 zuwa 1968

A watan Afrilun 1906 ne sojojin Turawa suka ci Haɗejiya da yaƙi, Sarki Muhammadu ya yi shahada, aka naɗa Haruna a madadinsa. An sanya masarautar cikin Lardin Kano. Bisa tsarin mulkin Turawa a Arewa, kotun alƙali da 'yan doka da gidan yari duk sun kasance ƙarƙashin En'e, Baitulmali ke biyan albashinsu, Di'o da Razdan kuma suna duba littattafansu. Ke nan alƙalin da ya yanke hukunci da Yarin da ya karɓi fursuna duk bayin gida ɗaya ne, Sarki ne a samansu.

Sabon abin da Turawa suka kawo shi ne ɗaukar hauka a matsayin matsalar tsaro da hukuma za ta shiga. Dokar Mahaukata ta 1916, wadda aka sake tsarawa a 1958, ta ba majistare ikon yin bincike a kan mutumin da ake zargin ya haukace, idan likita ya ba da takardar shaida sai a ba da umurnin tsare shi. Daga nan aka sami kashi biyu: mahaukacin da ya yi laifi, da kuma wanda bai yi laifin komai ba, illa dai danginsa sun gaza ko jama'a suna tsoronsa. Gidajen mahaukata na gwamnati na farko a Kudu suke, wato na Kalaba da na Yaba wanda aka buɗe a 1907. Da yake ba su wadatar ba, sai aka riƙa keɓe wani sashe a cikin gidajen yari irin su na Inugu da Fatakwal da Lakwaja ana zuba su a ciki. A Arewa kuma manyan En'e-En'e, irin ta Kano, sun keɓe wuraren tsare mahaukata na kansu. Ga ƙasar Haɗejiya, hanyar kai irin wannan mutum Kano ta ɗan sauƙaƙa bayan da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930, ya ratsa ta Malam Madori da Birniwa.

Gwamnatin mulkin mallaka ba ta jahilci halin da ake ciki ba. Sau uku ta sa likitoci su yi mata bincike: Dokta Bruce Home a 1928, da Dokta Cunyngham Brown wanda rahotonsa ya fito a 1938, da kuma Dokta Carothers a 1956. Dukkansu sun nuna cewa wuraren da ake tsare mahaukata sun fi kama da kurkuku fiye da asibiti, suka kuma ba da shawarar a gina asibitoci a samar da ma'aikata masu horo. Amma waɗannan rahotanni shawara ce kawai ga gwamnati, ba umurnin kotu ba ne, kuma galibin abin da suka ƙunsa ya tsaya ne a kan takarda da hujjar rashin kuɗi. Sai a 1954 ne Dokta Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Nijeriya, ya fara aiki a Aro kusa da Abeokuta.

Gab da samun 'yancin kai, Jihar Arewa ta sami Kundin Final Kod wanda ya fara aiki a 1960. Sashe na 51 na kundin ya wanke mutumin da ya aikata abu alhali taɓin hankali ya hana shi sanin abin da yake yi, ko sanin cewa laifi ne. Sai dai dokar tsarin shari'ar laifuffuka da ta zo tare da shi ta tanadi cewa irin wannan mutum, da wanda hauka ya hana shi kare kansa a gaban kotu, ana iya tsare shi a wuri amintacce har sai Gwamna ya ba da umurni. A inda babu asibiti, wurin nan amintacce bai wuce gidan yari ba. Ta haka wanda doka ta wanke kan iya daɗewa a tsare fiye da wanda ta kama da laifi, domin shi mai laifi yana da ranar fita.

3.3 Rabuwar Kotu da Gidan Yari

Shekarar 1968 muhimmiya ce a wannan tarihi. Bayan ƙirƙiro jihohi goma sha biyu a 1967, an soke kotunan sarakuna, aka mayar da kotunan alƙalai kotunan yanki a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a ta jiha. A ranar 1 ga Afrilu, 1968 kuma Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e baki ɗaya, bisa shawarar rahoton Gobir. Dokar soja mai lamba 9 ta 1972 ta tabbatar da wannan sabon tsari.

Wannan sauyi ya yi amfani ta fuskar kawar da amfani da kotu da kurkuku wajen muzguna wa abokan hamayyar siyasa, wanda jam'iyyar NEPU ta daɗe tana kuka da shi. Amma ta fuskar mai taɓin hankali, ya raba al'amarinsa gida uku. Kotun da ke tura shi ta jiha ce, wato Jihar Kano, daga 27 ga Agusta, 1991 kuma Jihar Jigawa. Gidan yarin da ke tsare shi na Tarayya ne, ɗaukar ma'aikatansa da rarraba su daga Ikko ake yi, daga baya Abuja. Asibitin da ya kamata ya karɓe shi kuwa na wata ma'aikata ne daban. Alƙalin da ke zaune a Haɗejiya ba shi da ta cewa a kan wanda aka turo gidan yarin garin, ko gandiroba ne ko malamin asibiti.

Dokar 1972 ta yi tanadi a kan fursunan da ya haukace. Shugaban gidan yari zai kai rahoto sama, a naɗa likitoci biyu ko fiye su duba shi, sa'annan a iya ba da umurnin mayar da shi wani gidan yari ko asibiti. Abin lura shi ne, wannan hanya ta hukuma ce tun daga farko har ƙarshe, kotu ba ta cikinta. Dokar ta sanya manyan alƙalai cikin masu ikon ziyartar gidajen yari, amma mai ziyara gani yake yi ya rubuta, ba umurni yake bayarwa ba.

3.4 Ikon Saki, 1977

A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa doka mai lamba 19, wadda ta ba Alƙalin Alƙalan Nijeriya da manyan jojin jihohi ikon sakin mutumin da ake tsare da shi ba bisa ƙa'ida ba, ko wanda ya daɗe yana jiran shari'a fiye da wa'adin da za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Wannan doka ita ce tushen ziyarar rage cunkoso da manyan joji ke yi, wadda Babban Jojin Jihar Jigawa ma yakan kai gidajen yarin jihar, kamar na Haɗejiya da Gumel da Kazaure da Dutse.

Babu shakka wannan iko ya ceci mutane da yawa. Sai dai idan aka dube shi da kyau, za a ga abin da joji ke ƙirgawa shi ne kwanakin da mutum ya yi a tsare. Dokar ba ta ce ya ƙirga masu magani ba. Idan ya tarar da mai taɓin hankali, abin da ke hannunsa shi ne ya sake shi ga dangi, ko ya nemi a kai shi asibiti, ko ya bar shi inda yake. Sakin mara lafiya ba tare da magani ba kuwa sau da yawa gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin dalilin da ya kawo shi yana nan bai gushe ba. Rahoton da ƙungiyar Amnesty International ta fitar a 2008 a kan gidajen yarin Nijeriya ya nuna cewa har a lokacin akwai masu taɓin hankali da ba a tuhumarsu da laifin komai, amma suna tsare a kurkuku.

3.5 Yanayin Ƙasar Fadama

Yanayin ƙasar Haɗejiya ya ƙara wa wannan matsala nauyi. Masarautar ta ƙunshi ƙananan hukumomi takwas: Haɗejiya, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Da yawa daga ƙauyukan Auyo da Kirikasamma da Guri suna cikin fadamar kogin Haɗejiya ne. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyinsa, ambaliya kuma takan yanke garuruwa, kamar yadda aka gani a 2020 da 2022.

Asibitin ƙwaƙwalwa na Jihar Jigawa kuwa a Kazaure yake, wato can yammacin jihar, alhali Haɗejiya tana gabas. Na Dawanau yana Kano, tafiyar kimanin kilomita 200. Na Tarayya da ke Kaduna da Maiduguri sun fi haka nisa. Ga manomi ko masunci da ɗansa ya kamu da ciwo da damina, ofishin 'yan sanda da kotu sun fi masa kusa fiye da likita. Wannan nisa da tsada suna daga cikin dalilan da suka sa gidajen mari suka daɗe suna cin kasuwa a Arewa, har zuwa 2019 lokacin da hukuma ta kai samame irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura. Bugu da ƙari, likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Nijeriya ba su kai 300 ba a farkon shekarun 2020, ga al'umma fiye da miliyan 200, galibinsu kuma a manyan birane suke.

3.6 Abin da Wasu Kotuna Suka Yi

Domin a gane abin da ake nufi da sa idon kotu a kan yawan ma'aikata, ya kamata a dubi ƙasar da abin ya fi bayyana, wato Amurka. A 1990 fursunoni masu taɓin hankali a Jihar Kalifoniya suka shigar da ƙarar da aka sani da shari'ar Coleman. A 1995 Mai Shari'a Lawrence Karlton ya yanke hukuncin cewa rashin kula da su ya saɓa wa tsarin mulkin ƙasar, ya kuma naɗa wakilin kotu na musamman da zai riƙa shiga gidajen yari yana kawo rahoto. Daga baya kotun ta ba da umurnin kada guraben likitocin ƙwaƙwalwa da babu kowa a kansu su wuce kashi 10 cikin 100. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Plata, ta lura cewa fiye da rabin guraben likitocin ƙwaƙwalwa babu kowa a kansu, ta kuma amince da umurnin a rage fursunoni zuwa kashi 137.5 cikin 100 na adadin da aka gina gidajen dominsa. A watan Yunin 2024 Mai Shari'a Kimberly Mueller ta sami jami'an jihar da laifin raina kotu saboda rashin cike guraben, ta sanya tarar kusan dala miliyan 112. A 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da laifin, amma ta ce a sake duba adadin tarar.

Darasi biyu ke cikin wannan misali. Na farko, kotu ba ta iya ƙera likita, domin shekaru kusan talatin bayan hukuncin 1995 guraben ba su cika ba. Na biyu, kotu tana iya tilasta wa hukuma ta faɗi adadin da ake buƙata, ta riƙa ƙirga giɓin a bainar jama'a, ta kuma ɗanɗana kuɗarta idan ta yi sakaci.

A Nijeriya hanyar ta fi ƙunci. Sashe na 17 na tsarin mulkin 1999 ya ambaci samar da kiwon lafiya, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta abin da ke cikin wannan babi. Duk da haka akwai ƙofa. A 2004 Babbar Kotun Tarayya da ke Fatakwal, a shari'ar Festus Odafe da wasu fursunoni masu ɗauke da cutar ƙanjamau, ta dogara da sashe na 34 na tsarin mulki a kan mutuncin ɗan Adam, da sashe na 16 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta ba da umurnin a kai su asibiti. Shekara guda kafin nan, wato 2003, Hukumar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam ta sami ƙasar Gambiya da laifi a ƙarar Purohit da Moore, saboda tsohuwar dokarta ta tsare mahaukata, wadda ita ma gadon Turawan Ingila ce. Sai dai hukuncin Odafe ya tsaya ne a kan mutanen da suka kai ƙara, bai kai ga tsarin ma'aikatan gidan yari ba.

3.7 Sababbin Dokoki, 2019 zuwa 2023

Cikin shekaru huɗu an sami sauyi uku. Na farko shi ne dokar 2019 wadda ta soke ta 1972, ta mayar da gidajen yari gidajen gyaran hali. Sashe na 12 ya wajabta wa shugaban hukumar na jiha ya sanar da Babban Joji cikin mako guda idan gida ya cika ya wuce ƙima, ya kuma ba shi ikon ƙin karɓar ƙarin fursunoni idan ba a ɗauki mataki ba. Har ila yau dokar ta hana karɓar mutumin da ba ya cikin hayyacinsa, ta kuma tanadi kwamitin duba al'amarin masu taɓin hankali. Na biyu shi ne Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda aka bayyana sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a watan Janairun 2023, ta maye gurbin dokar 1958. Na uku, a watan Maris na 2023 an gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon kafa gidajen gyaran hali na kansu.

Waɗannan sun yi daidai da Ƙa'idojin Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, inda ƙa'ida ta 25 ta nemi a sami isassun ƙwararru a fannin ƙwaƙwalwa, ta 109 kuma ta ce bai kamata a tsare mai tsananin taɓin hankali a kurkuku ba. Amma ya kamata a lura cewa ƙararrawar da sashe na 12 ya rataya wa Babban Joji ta yawan fursunoni ce. Ba a rataya masa irinta ba idan ma'aikatan ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci.

3.8 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa nauyin mai taɓin hankali a ƙasar Haɗejiya ya tashi daga hannun dangi ya koma hannun En'e, daga nan kuma ya rabu tsakanin jiha da Tarayya a 1968. A duk waɗannan matakai kotu ta kasance mai tsaron ƙofa: dokokin 1916 da 1960 sun ba ta ikon shigarwa, ta 1977 ta ba ta ikon fitarwa, ta 2019 ta sa a riƙa sanar da ita idan gida ya cika. Abin da ya rage shi ne tsakiyar gidan, wato wanda ke duba mara lafiya da ba shi magani. Gyaran tsarin mulki na 2023 ya buɗe wa Jihar Jigawa hanyar da za ta iya sake haɗa kotu da gidan yari da asibiti a ƙarƙashin hukuma ɗaya, a karo na farko tun 1968. Idan jihar ta yi doka a kan haka, muhimmin abin da za a duba shi ne ko dokar ta ƙayyade adadin ma'aikatan ƙwaƙwalwa, ta kuma ba Babban Joji ikon tambayar inda suke. A babi na gaba za a dubi matsayin kotunan shari'ar Musulunci a kan wannan batu tun daga shekarar 2000.